Wanda Ba A Sallama Ba

Rana ta yi ja, ta rataya a kan katangar yamma, kaji sun fara neman wurin hawa. Bushira tana durƙushe a madafa tana tuƙa tuwon hatsi wanda mutum biyu kaɗai za su ci, ita da 'yarta. Tukunyar ƙarama ce. Manyan tukwanen gidan suna kife a jikin bango, ƙadangaru sun mai da su wurin kwana.

A dā ba haka gidan yake ba. Lokacin da aka kawo ta amarya wannan ƙauye na gefen Dogarawa, gidan surukinta Alhaji Ɗanbaba shi ne gida, shi ne kuma wurin aiki. Fataucin albasa yake yi. Tun da sassafe mata ke cika tsakar gidan, su baje albasa a ƙasa suna ware manya da ƙanana, suna jefar da ruɓaɓɓu, suna tsegumi da dariya. Maza suna ɗinke bakin buhu. A can ƙarshen gidan ga jerin rudu, ɗakunan kara da ciyawa da ake ɗorawa a kan itace don iska ta riƙa ratsa albasar da aka adana. Shi kuwa Alhaji yana kan buzunsa a gindin dogon yaro, ba wanda zai wuce bai kira sunansa ba, in tuwo ya sauka a kwano ɗaya yake sa hannu da masu dako. Bushira ba mai magana ba ce, daga bayan labule take kallonsu, amma hayaniyar tana yi mata kamar bargo.

Da Alhaji ya rasu aikin ya koma hannun ɗansa Nafi'u, mijinta. Nafi'u ya yi lakwal, wato karatun boko, mai zurfi, kuma ba rago ba ne. Ya duba ya ga manyan kamiyo, motocin ɗaukar kaya, ba sa iya shigowa ƙauyen da damina, ya ga yawan albasar da ke lalacewa a rudu, sai ya kama wani babban magaza na ajiyar kaya a bakin kwalta a Tsarnawa, ya buɗe buro, wato ofis, a Yamai kusa da masu saye. Aiki ya bunƙasa, wannan ba mai musu. Ranar da za a kwashe aikin daga gidan shi yana Abijan, don haka saƙon murya ya aiko. Ma'aikata suka taru a tsakar gida, aka ɗaga wayar salula sama, suka saurari ubangidansu yana cewa wanda zai iya bin aiki Tsarnawa ya bi, wanda ba zai iya ba an gode. Ya ce yanzu aiki ba wuri ba ne, duk inda waya ta kai nan aiki yake. Kowa ya ɗauki faifansa da tabarmarsa ya fita.

Tun daga ranar gidan ya zama na Bushira da 'yarta Gimbiya. Wannan suna kakan ne ya sa wa yarinyar, shi kuma uwar ke kira, tunda 'yar fari ce ba ta faɗin sunanta na yanka. Kowace safiya saƙon Nafi'u yana shigowa, muryarsa a gaggauce, motoci na wucewa a bayanta: a yi haƙuri, gidan Yamai ya kusa ƙarewa, zai zo ya ɗauke su. Bushira takan saurara ta sake saurara. In ta zo mayar da amsa sai ta yi dogon bayani, ta ji muryarta, kunya ta kama ta, ta goge. Abin da take aikawa kullum bai wuce, "To, Allah shi taimaka."

A wannan yammaci Gimbiya tana can ƙarshen gida tana wasa. Rudun duk sun zube sai ɗaya, shi ma ya karkace. Yarinyar ta tara tsakuwa a gabansa tana ware manya da ƙanana, yadda ta taɓa ganin mata na yi. Bushira tana jin surutunta sama-sama, tana kwashe tuwo. Sai ta ji yarinyar ta ɗaga murya, irin yadda yara ke kwaikwayon manya.

"Sannu da aiki!"

Daga nan wata murya ta fito daga cikin rudun, ta namiji, tsohuwa, a shaƙe kamar ta wanda ya daɗe bai buɗe baki ba.

"Yawwa, ɗiyata. Sannu."

Marar ta faɗi daga hannun Bushira. Ta tashi da gudu, zani na harɗe mata ƙafa, ta tarar da yarinyar a tsaye tana murmushi tana kallon ƙofar rudun. Ta leƙa ciki. Babu kowa sai yanar gizo da busassun ɓawon albasa. Ta fizgi hannun 'yarta suka shige ɗaki, ta tura ƙyaure, daidai lokacin da ladan ya fara kiran magariba.

Washegari da rana ta faɗi aka fara jifa. Abu ya faɗo kan kwanon ɗaki, dim, ya gangara, ya faɗi ƙasa. Wani ya biyo. Bushira ta ɗauka yaran maƙwabta ne, ta fito da fitila tana shirin yin faɗan da ba ta iya ba. Ba dutse ta gani ba. Albasa ce, jajaye, ƙosassu, da sanyin ƙasa a jikinsu, a gidan da tuni aka share albasa ko ta miya sai an saya. Ta tsaya tana kallonsu a warwatse a bakin ƙofa, ta rasa wanda za ta kira.

Jifan bai dame ta ba kamar abin da ya sami yarinyar. Da rana Gimbiya tana kwance lamo, ba wasa, ba magana. Da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida sai ta miƙe, ta ɗauki wani guntun kara, ta tafi ƙofar rudu ta zauna, ta naɗe ƙafa, ta gitta karan a cinya. In uwar ta ɗauke ta sai ta ji ta yi nauyi kamar turmi. In ta kai mata tuwo sai ta kau da kai. Haka za ta zauna, ido a buɗe, har a yi kiran asuba, sannan ta kife a wurin. Bushira ta koma shimfiɗa tabarma kusa da ita, tana kora mata sauro, tana karanta 'yan surorin da ta sani.

Ta gaya wa mijinta. Wannan karon ba ta goge saƙon ba. Ya amsa da cewa zazzaɓi ne ya hau mata kai, a kai ta likita. Ta goya ta suka hau kabu-kabu har Malbaza, aka duba jini, aka duba ido, aka ba su maganin ƙarin jini suka dawo. Yarinyar ta ci gaba da zubewa. Wuyanta ya yi tsawo, awarwaron hannunta ya fara zamewa har gwiwar hannu. Bushira ta san abu ɗaya: in aka ci gaba a haka, 'yarta ba za ta kai kaka ba.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu, Inna Tsahara, wadda ta yi shekaru tana tsintar albasa a gidan, ta shigo aron rariya da yamma. Ta hango yarinyar a ƙofar rudu, ta tsaya cak, ta manta da abin da ya kawo ta.

"Ke Bushira, tun yaushe ta ka wanga zama?"

"An kwana biyu, Inna."

"An kwana biyu, kuma kina nan kin rufe baki kamar an ɗinke buhu! Wanga ba zaman ɗiya ba ne. Dubi yadda tar riƙe karan. Zaman mai gadi ne." Tsohuwar ta rage murya. "Surukinki, Allah shi jiƙan shi, kullum in mun tashi aiki shina zuwa nan shi tsaya shi kaɗai, bakinai na motsi. Mu dai mun ɗauka addu'a ce. Sa mayafinki. A'a, zamna, ba ki barin ta. Ni in tahi in kira Malam Labo."

Malam Labo ya zo washegari bayan la'asar. Dattijo ne siriri, mai karantar da manya a Dogarawa, ba ya son hayaniya. Ya hana a tara mutane. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gaban rudun, ya ce Bushira ta rungume yarinyar ta baya, Inna Tsahara ta riƙe ƙafafu. Ya zauna ya fara karatu a hankali, ba gaggawa, muryarsa tana hawa kaɗan-kaɗan yayin da hasken ke janyewa daga tsakar gida.

An daɗe ba abin da ya faru. Tsuntsayen da ke kan dogon yaro suka yi tsit. Can sai Bushira ta ji jikin 'yarta ya sandare a ƙirjinta, ƙashin bayan ya miƙe, kan ya ɗago. Bakin da ta shayar ya buɗe, muryar nan ta rudu ta fito daga cikinsa.

"Malam, rage murya. Kana ƙona ni, ni kuwa ba gardama niz zo yi ba."

Inna Tsahara ta saki salati. Malam Labo bai ko motsa ba.

"Musulmi ne kai ko kahiri?"

"Musulmi ni ke."

"Sunanka?"

"Ɗanbaba shina ce mini Na-Rudu. Na gida ba ka iya hwaɗinai."

"To Na-Rudu, Musulmi ba ya shiga jikin ɗiyar mutane shi hana ta ci da barci. Mi tay yi maka?"

"Ba ta yi mini komi ba. Gaishe ni tay yi."

Muryar ta ci gaba, a hankali, tana jan kowace kalma. Ya ce wurin nan nasa ne tun ana daji. Da Ɗanbaba ya zo kafa rudunsa na farko bai kore shi ba, sallama ya yi masa, suka yi magana irin ta maza: rana ta mutane, in duhu ya shiga shi ya tsare albasa daga wuta da ɓarawo. Kowace magariba Ɗanbaba zai zo ya ce, mun tashi, ga amana. Kowace asuba ya dawo ya ce, mun karɓa, sannu da aiki. Ladansa ke nan, bai taɓa neman ƙari ba.

"Allah shi gafarta wa Alhaji," in ji Malam Labo. "Wagga yarjejeniya ba ta kamata ba tun farko."

"Wannan tsakaninku ne, malamai. Ni dai ranar da ciwo yak kama shi ya zo da magariba, shina dafa bango, yac ce ga amana. Da asuba na jira. Ba wanda yaz zo yac ce mun karɓa. Har yau ina jira. Na ga an kwashe buhuna, na ga mata sun hita, na ji an ce aiki ya tashi. Kowa an sallame shi, ni ba a sallame ni ba. Mai gadi kuwa ba ya barin ƙofa sai an karɓe shi."

Bushira ta ji hawaye na bin kumatunta suna ɗiga a kan gashin yarinyar. Tsoro ne, amma ba tsoro kaɗai ba. Ta san irin wannan jiran.

"Albasar da kake jifa hwa?"

"Don a tuna da akwai wani a nan. Ba a tuna ba. Sai ɗiyar nan ta zo ta ce mini sannu. Ba ni da bakin da za ku ji, shi ya sa na ari nata."

"Aro da izini ake yin shi. Wannan zalunci ne, kuma ka sani. Ka hita yanzu, ko in ci gaba daga inda na tsaya."

"In hita in tahi ina? A maido aiki gidan ga. A cika mini rudu, in ji mata na dariya, sai in sake ta."

"Aiki ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Mai shi ya kai shi inda ya ga dama, kuma halalinsa ne." Malam ya buɗe baki zai koma karatu.

"Tsaya! Tsaya, malam." Hannun yarinyar ya ɗago. "To a sallame ni. Mai aikin shi sallame ni da bakinai, kamar yadda ubanai ke sallamar mutane. Shi ke nan abin da ni ka so."

Malam Labo ya dubi Bushira. Ta zaro salula daga ƙugu da hannu ɗaya, ta kira mijinta. Sai da ta yi ta ƙara kafin ya ɗauka. Malam ya karɓa ya yi masa bayani a taƙaice, ya buɗe muryar kowa ya ji. Can ɓangaren ana jin ƙarar injin sanyaya ɗaki.

"Malam, ni ban san wannan magana ba wallahi," in ji Nafi'u. "Ko mi yake so a ba shi. In rago ne a saya yanzu."

"Ba a yanka wa aljani, Nafi'u. Sallama yake so."

"To ai mai sauƙi ce. Kai mishi wayar." Malam ya matsar da salular kusa da fuskar yarinyar. Nafi'u ya gyara murya, irin yadda yake yi in zai yi wa ma'aikata jawabi. "Bawan Allah, ni ne Nafi'u ɗan Alhaji. Aiki ya tashi daga nan. Na sallame ka, an gode."

Gimbiya ta karkata kai tana kallon abin. Sai wata dariya ta fito daga ƙirjinta, busasshiya, ba daɗi, har sai da ta koma tari.

"Wa ke magana? Ban ga kowa ba. Ba inuwa, ba ƙafa, ba warin zufa. Malam, mu ne aka sani da magana ba a ganin mu. Yaushe ɗan Ɗanbaba ya zama ɗan uwanmu?"

Nafi'u ya fara bayani da sauri: yana da kaya a kan iyaka, gobe masu saye za su zo daga Kumasi, in an ba shi mako guda zai shirya komai. Bushira tana jin ƙasusuwan 'yarta a tafin hannunta. Tun da aka yi aurensu ba ta taɓa katse shi ba. Ta miƙa wuya kusa da salular.

"Ɗiyarka ba ta ci," ta ce. "Ka zo."

Muryarta ta fito da ƙarfin da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Nafi'u ya ce to.

Malam Labo bai tashi ba sai da ya ɗaure Na-Rudu da rantsuwa: zai saki maƙogwaron yarinyar ta ci, zai bar ta ta yi barci, har mai aikin ya iso. Ya rantse. A daren nan Gimbiya ta sha kunu rabin kwano, ta kwanta a cinyar uwarta, amma karan yana damƙe a hannunta, ba wanda ya iya zare shi.

Nafi'u ya iso washegari da rana ta yi sanyi. Bushira ta ji tsayawar mota a waje, ta ji sallamarsa a zaure, ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, idonta a ƙasa. Ya yi ƙiba, ya yi haske, takalminsa bai saba da rairayin gidan ba. Ya tsaya a tsakar gida yana juyawa, yana kallon tukwanen da ke kife, da wurin da buzun ubansa yake a dā, da rudun da suka zube. Kamar bai taɓa tunanin cewa wurin da aka kwashe aiki yana nan yana ci gaba da zama wuri ba.

Da ya hango yarinyar a ƙofar rudu, da karanta a cinya, da wuyan nan kamar zare, sai ya tsuguna a inda yake.

Malam Labo ya yi karatu kaɗan. Wannan karon ba a daɗe ba. Kan yarinyar ya ɗago, idanun suka sauka a kan Nafi'u, suka daɗe suna dubansa.

"Yawwa. Ga ƙafa, ga inuwa. Goshin Ɗanbaba ne. Ina ganin ka kana rarrafe a nan kana cin ƙasa."

"Ga ni na zo," in ji Nafi'u. Bai gyara murya ba. "Don Allah ka sake mini ɗiya."

"Zan sake ta, na rantse wa malam. Amma in tambaye ka. Can inda kak kai aikin, ba a son mai gadi? Ni ba ni barci, ba ni ci."

Malam Labo ya ɗaga hannu zai tsawata, Nafi'u ya riga shi.

"Akwai mai gadi. Akwai kuma na'urar da ke kallon ko'ina, ina gani daga Yamai. Kuma ko na kai ka, ba mai zuwa da asuba shi ce maka komi. Ni kaina ba kullum nake zuwa ba. Gaskiya ke nan."

"To wa ke ce wa masu aikinka sannu?"

"Ina aika musu."

"Allah shi ba su haƙuri." Muryar ta yi ƙasa. "Shi ke nan. Ubanka in zai sallami mutum ba ya yi daga zaune. Shina raka shi har bayan gari, su yafi juna. Tashi ka raka ni."

Yarinyar ta miƙe da kanta. Nafi'u ya kama hannunta, suka bi ta zaure suka fita. Malam Labo yana biye yana karatu ƙasa-ƙasa, Bushira a bayansa, Inna Tsahara ta tsaya a ƙofar gida ba ta iya ci gaba ba. Suka ratsa lungu, suka wuce masussuka, suka wuce rijiyar ƙarshe. Mutanen da ke komowa daga gona suka riƙa ba su hanya ba tare da tambaya ba. Gari ya yi toka-toka, hayaƙin girki ya kwanta a kan rufin gidaje, tafiyar yarinyar kuwa ta tsoho ce, tana dogara karan a ƙasa.

A bakin fadama, inda gonakin albasa suka fara, ta tsaya.

"Nan ya isa."

Nafi'u ya dubi malam, bai san abin da zai ce ba. Bushira ce ta matso, ta faɗa masa kalmomin a hankali, kanta a sunkuye. Ya durƙusa a gaban 'yarsa har fuskokinsu suka daidaita.

"Mun karɓa," ya ce. "Sannu da aiki."

Idanun yarinyar suka lumshe. Wani dogon numfashi ya fito, irin na wanda aka sauke wa kaya daga ka bayan doguwar tafiya.

"Rudu lahiya lau. Ba wuta, ba ɓarawo. Sai dai ba komi ciki."

"Na sani. Ka yafe mu."

"Na yafe. Ku ma ku yafe ni, ke ma uwar ɗiya. Kin yi ta zama kusa da ni kina kora sauro, na gani."

Bushira ta gyaɗa kai.

Malam Labo ya umarci Na-Rudu ya fita ta ɗan yatsan ƙafar hagu, kada ya taɓa ido, kada ya taɓa kunne, kada kuma ya sake waiwayar gidan. Ya ɗaga murya da karatu. Ƙafar yarinyar ta yi rawa, ta yi rawa, ɗan yatsan ya miƙe. Karan ya faɗi. Ta yi atishawa, ta sulale, uban ya tare ta kafin ta kai ƙasa. A cikin fadama ganyen albasa ya kwanta a layi ɗaya, kamar wani ya ratsa ta ciki ya nufi gabas, alhali ko iska ba ta motsi. Daga nan ya miƙe, komai ya koma yadda yake.

Daga cikin gari aka fara kiran salla. Malam ya shafa kan yarinyar, ya ce a ba ta ruwa in an koma, ya juya ya nufi masallaci. Aka bar su su uku a bakin fadama.

Gimbiya ta buɗe ido. Idanunta ne, na yarinya, a gajiye. Ta dubi fuskar mutumin da ke rungume da ita, ta ɓata fuska, ta fara zillewa tana miƙa hannu wajen uwarta.

"Inna, wane ne wannan?"

"Gimbiya," in ji Nafi'u. "Ni ne."

Yarinyar ta daina zillewa. Ta kasa kunne, kamar mai jiran a sake kunna wani abu. Ta dubi bakinsa, ta dubi hannun uwarta inda ta saba ganin muryar na fitowa, hannun kuwa ba komai a cikinsa.

"Baban cikin salula ne?"

Bushira ta tsuguna kusa da su a kan rairayi mai sanyi. Ta kama ɗan siririn hannun 'yarta, ta ɗora shi a kan kumatun uban.

"Shi ne," ta ce. "Taɓa shi ki ji."